Zaɓen Tantabarar Malam Lado

Malam Lado na unguwar Gobarau yana tsugune gaban ɗakin tantabarunsa yana watsa gero, autarsa Zuwaira ta durƙusa ta aje masa kwanon koko.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau. Wa ya zo zance jiya? Ban ji ƙarar mota ba."

"Salisu ne, Baba."

"Telan nan? Har yanzu?" Ya yi tsakin da ya sa tantabaru suka tashi fir!

Shekarar da soja suka koma bariki ce, kowa ya samu ƙuri'a sai ya hau babbar riga. Cikinsu har da Ɗanladi mai sayar da kaset a Ƙofar Kaura, wanda aka wayi gari ya zama Kansila, ya kuma ƙyalla ido kan Zuwaira. Ita kuwa malamar firamare ce, ta daɗe da ba Salisu tela zuciyarta. Malam yana bugun ƙirji cewa shi ba ya yi wa ɗiya dole, amma duk ran da manyan Salisu suka ce za su zo, sai ciwon bayansa ya tashi.

Matarsa Kulu ta leƙo daga madafa. "Malam, soja sun tahi, sai gidan nan aka bar mamu dokar soja?"

"Ke Kulu, buɗe ido ki dubi halittar Allah! Talo-talo, zakara, ɗawisu – mi ya sa namiji ke ado? Don mace mai hankali mai ado take zaɓa!"

"Baba, a sayans an koya mana mace ce ke zaɓe," in ji Zuwaira a hankali, "amma ba kullum gashi take dubawa ba."

"Iye! Boko za ki yi mani? To tunda dimokuraɗiyya kuke so, a yi zaɓe!"

Ya nuna Gimbiya, tantabarar da ya fi ƙauna duk gidan. Ya nuna wani farin namiji mai wutsiya kamar mafici, ya ce wannan Kansila. Ya nuna wani mai ruwan toka, wanda ko kyauta aka ba ka sai ka yi shawara, ya ce ga Tela. Ranar Juma'a za a sake su. In Gimbiya ta bi Tela, manyan Salisu su zo. In ta bi fari, a binne maganar.

"Na yarda!" Zuwaira ta faɗa da sauri, don ta sha ganin Gimbiya da mai ruwan tokan suna sosa wa juna wuya.

Kayya, yarinya ba ta san masu kiwo ba! Ran nan Malam ya ce Gimbiya na mura, ya kai ta zaure jinya. Can ya kifa mata kwando ita da farin, yadda masu tantabara ke haɗa aure: a rufe su tare har su saba.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka saki 'yan takara. Fari ya kumbura wuya, ya baza wutsiya, ya dinga juyi yana guɗa. Tela na gefe yana tsintar tsinke. Gimbiya ta tako ɗaiɗai, ta wuce shi, ta cusa baki cikin bakin fari.

"Allahu akbar!" Malam ya yi tsalle, ciwon baya ya warke. "Jama'a sun yi magana!"

Zuwaira ta ruga ɗaki ta kife a gado tana kuka kamar ranta zai fita.

Da la'asar Salisu ya zo, ta gaya masa a soro. Sai dariya ta kubce masa.

"Yanzu tantabara ce ta kada ni?"

"Wallahi Salisu ba ka siriyos! An raba mu kana dariya?"

Ya goge ido, ba ta san ko na dariya ne ko na kuka ba. "Kin ba Baba alkawari, kada ki saɓa mashi. Zan daina zuwa, amma ba zan nemi kowa ba. Wanda ya ci zaɓe, a bari a ga aikinshi."

Gimbiya ta yi ƙwai biyu cikin tsohuwar tukunya. Ga al'adar tantabara, mace ke kwanci da dare, namiji ya karɓe ta da rana ta fita kiwo. To fari dai bai san wannan aya ba. Gari na wayewa sai kan katanga, yana baza wutsiya wa matan maƙwabta.

"Kai ɗan banza, koma bakin aikinka!" Malam ya bi shi da tsintsiya, ya kamo shi ya danna bisa ƙwai. Yana ɗage hannu, fir! Dattijo mai furfura ya koma hawa tsani kullum, yara na leƙe ta katanga suna kwasar dariya.

Gimbiya ta rame ta zama ƙashi da gashi, ƙwai suka zama bara-gurbi. Zuwaira ma tana ta zubewa, abinci sai dai ta juya cokali, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba.

Ana haka Kansila ya iso a mota, riga na tashin turare. Malam ya shigo da shi har tsakar gida don ya ga dukiya. Kansila ya toshe hanci, ya nuna Gimbiya da makullin mota.

"Baba, waccan ramammiyar, a yanka a yi mani farfesu tun ba ta mutu ba. Abin da ya lalace ai sai a sake sabo."

Daidai nan Zuwaira ta fito da ruwa. Malam ya dubi wuyan ɗiyarsa da ya zama siriri, ya juya ya dubi Gimbiya. Tausayi da kunya suka rufe shi. Ya raka Kansila ƙofa ba tare da ya ce ya gaida gida ba.

Ya dawo ya zauna kan turmi. "Kulu... na yi maguɗi."

"Na sani, Malam. Ni ke share zauren."

"Kika yi shiru?"

"Wa ke hwaɗa ma gwamnati gaskiya tana kan mulki?"

Ya kira Zuwaira. "Auta, ki yahe mani. Ƙwai biyu na rasa ina ta kuka, ashe ɗiyata nike shirin kifa ma kwando. An soke zaɓe! A ce ma manyan Salisu su zo gobe."

Ta faɗa jikin uwarta tana kuka tana dariya.

Bayan girbi aka ɗaura aure, unguwa ta cika maƙil. Haƙurin da Zuwaira ta yi da biyayyarta su suka kai ta inda rigima ba za ta kai ta ba. Ku kuma iyaye, in za ku duba wa ɗiyarku miji, kada ado ya ruɗe ku. Ku dubi wanda zai tsaya mata ran da ta rame.