Makunnin Fanka

Gab da magariba Injiniya ya je ɗauko surukinsa daga asibiti, inda ake yi wa tsohon gashin ƙafa. Aikinsa gyaran wayoyin mota, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar tsohuwar motarsa, wadda ta girmi aurensa. Da hannunsa ya cire fankar da bel ke juyawa, ya ɗaura biyu na lantarki a jikin lagireto. Abokan sana'a suka ce ya sa 'yar na'urar nan da ke jin zafi ta kunna su da kanta. Ya ƙi. Ya kafa makunni a ƙarƙashin sitiyari, yana cewa, "Mota ba za ta fi ni sanin zafinta ba."

Ran nan kuwa kunyar suruki ta cika masa kai. Ya tallafi Baba ya zaunar da shi a baya, ya gyara masa sanda, yana ta "sannu, Baba" idonsa a ƙasa. Makunni bai faɗo masa a rai ba.

Sun bar gidaje a baya, sun kai wata gada da ba ruwa a ƙarƙashinta, sai ya ji warin ƙarfe. Allurar zafin inji ta shige ja. Ya tsaya, ya kashe mota, ya jefa makulli aljihu. Maimakon ya jira ta huce, don kada tsoho ya gane sakacinsa, sai ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe murfin lagireto. Tafasasshen ruwa ya yi tsiri, ya kwarara ta gefen gada zuwa cikin duhu.

"Malam," in ji Baba daga ciki, "ruwan zafi da almuru? Ka dai yi bisimilla?"

"Na yi, Baba."

Bai yi ba.

Tsuntsaye suka yi tsit. Daga ƙasan gada wani kuka ya taso, siriri, irin na jaririn da numfashi ya ɗauke masa kafin ya tsandara.

Fanka ɗaya ta tashi. Ta biyu ta bi ta.

Injiniya ya shafa aljihunsa, makulli na nan. Ya fizge kan batir ya yar. Fankokin suka ƙara gudu, baya suke juyawa, suna feso masa iska a fuska. Iskar tana ƙaurin gashi.

A cikin ƙugin nan ya ji muryar mace, a yayyanke, kamar fukafukan ne ke sara ta.

"Wa... ya ƙona... min ɗa?"

Muryar ta sake tambaya.

"Wa?"

Hannunsa ne ya ɗaga, yatsansa ya nuna kujerar baya.

Sai ya ruga.

Ya faɗa bayan wani tarin duwatsu, takalmi ɗaya ya tafi. Daga nan yana jin komai. Ƙofar baya ta buɗe a hankali. Ya ji muryar Baba, ƙasa-ƙasa, ba rawa a cikinta.

"Baiwar Allah, ɗana ne, kuskure ne. Ga ni. Ki yi haƙuri."

Wani abu ya yi cuuu, kamar nama a kan garwashi.

Fankokin suka mutu.

Da ya lallaɓo ya dawo, ya tarar da Baba zaune yadda ya bar shi, hannun dama a cikin riga. Tsohon ya dube shi ta madubi, ya ce, "Nemo takalminka, Malam. An kusa shige lokacin salla."

A gida matar Injiniya ta ga tafin hannun ubanta ya saɓule, ta ɗora hannu a ka.

"Ke, rage murya," in ji Baba. "Ƙarfe na dafa da gangancin tsufa. Ba don mijinki ba, da can zan kwana."

Ƙunar ta warke, amma yatsun ba su sake miƙewa ba. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko su biyu kaɗai. Tun daga lokacin, kowace salla Injiniya yakan rufe gareji ya zo ya durƙusa ya zuba masa ruwan alwala. Maƙwabta suna nuna shi ga 'ya'yansu, wai ga surukin kirki. In an gama, tsohon yakan dafa kansa da wannan hannun ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Injiniya yakan buɗe baki ya ce amin, kalmar ta tsaya masa a wuya.