Koren Allon Sista Barira

Ku matso kusa. A rage fitilar nan. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya tashi tun yanzu, ba zan tsaya lallashi ba.

A wani asibiti ne, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba. Can ƙarshen baranda, bayan ɗakin magani, nan ɗakin wankin ƙoda yake. Gadaje shida, injina shida. Wanda ƙodarsa ta daina aiki shi ake kawowa, sau biyu a mako. A ɗora shi a sikeli. A soka masa allura biyu a hannu. Jini ya fita ta tiyo, inji ya tace, ya komo jiki. Awa huɗu. Sannan a sake auna shi, a ga yawan ruwan da aka cire. In ya yi fashi biyu ko uku sai ya kumbura, numfashi ya gagare shi.

Sista Barira ce shugabar ɗakin. Doguwa, mai tsafta, ba ta ɗaga murya. Ƙanenta Mudi, tela ne, shi ke kwanciya a gado na huɗu duk Litinin da Alhamis. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu Tabawa. Shi kaɗai take yi wa murmushi.

Wata gidauniya ce ta ba da injinan, ita ce kuma ta kafa babban allo a bango, kamar talabijin. Kowane majinyaci da layinsa: nauyinsa, hawan jininsa, yadda wankin ya fita. In lafiya, layin kore. In da matsala, ja. Likitan ƙoda, Dakta Zubairu, yana can birni, ta wayarsa yake kallon allon. In ya ga ja sai ya kira, ya ce a ƙara wa wane awa, a canza wa wance magani. Allon ya ceci mutane, wannan gaskiya ne. Shi kansa Mudi ya taɓa yin ja, aka ƙara masa awa, ya warware.

Sai takarda ta zo. Ƙarshen shekara za a duba allunan asibitoci. Inda ja ya yi yawa, za a kwashe injinan a kai wani gari.

Barira ta karanta sau biyu. Ta dubi gado na huɗu. In aka kwashe, wanki mafi kusa tafiyar yini ce. Mudi ba zai kai wata ba.

Layi uku ne suka ƙi barin ja. Tsofaffi ne, jiki ya gaji. A kwamfuta akwai wani gurbi da ke cewa an mayar da majinyaci wani asibiti. In aka danna, sunan ya bar allo. Ta danna sau uku.

Matar ɗaya daga cikinsu, Malam Sallau, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Sista, jiya a zaune ya kwana."

"An mayar da shi birni. Na faɗa miki."

"Wa zai kai shi? Ko bakin titi ba ya iya zuwa. Ga inji can ba kowa a kai."

"Injin yana hutawa."

"Ki dubi Allah, 'yar nan."

"Iya, matsa. Yanzu aka goge wurin nan."

Kwana tara aka yi jana'izar Malam Sallau. Sauran biyun ba wanda ya sake jin labarinsu. Amma ja bai ƙare ba. Yau ya fito nan, gobe ya fito can. Barira ta fara ramewa.

Wata Juma'a, rana tsaka. Maza duk sun tafi masallaci, har maigadi. Ɗayar nas ɗin ta fita neman abinci. Ba majinyaci ko ɗaya. Barira kaɗai, da ƙarar fanka, da muryar liman daga nesa.

Fankar ta tsaya. Ba a ɗauke wuta ba, ga allo a kunne.

Wata mata tana tsaye a tsakiyar ɗakin. Ba a ji buɗe ƙofa ba. Baƙin mayafi, zani har ƙasa. Ta shigo daga zafin rana, amma ba ɗigon zufa a goshinta.

"Sannu da aiki, 'yar Tabawa."

Bakinta ya riga ya rufe kafin maganar ta iso.

Barira ta ce, "Hajiya, mun tashi. Ina katinki?"

"Gurbi uku kika buɗe."

Barira ta waiga ta dubi kwamfuta.

"Mu ma muna da marasa lafiya," in ji matar. "Wanki ɗaya nake so. Ki yi mini, ba za ki sake ganin ja a bangon nan ba."

Da mai hankali ce, da ta yi a'uziyya ta fita a guje. Amma Barira ta ɗaga kai ta dubi allon. Ja biyu. Saura mako shida a zo dubawa.

Ta ce, "Hau sikeli. Cire takalmi."

"Babu."

Matar ta ɗan ɗage zani ta hau. Barira ta ga ƙafar. Ba yatsu. Dunduniya gaba, dunduniya baya. Sikelin kuwa bai motsa ba, kamar ba a ɗora masa komai ba.

Barira ta nuna da hannu. "Ga gado na ɗaya."

"Na huɗu."

"Wannan na wani ne."

"Yau Juma'a ce."

Ta kwanta. Barira ta sa safar hannu. Fatar matar sanyi kamar randa. Allura ta shige ba turjiya, kamar an soka ta a sabulu.

To, ga inda abin yake. Injin ba ya tashi sai an ba shi suna. Sabon suna kuwa sai Dakta Zubairu ya sa hannu, kuma zai yi tambaya. Barira ta tsaya da yatsa a sama. Akwai sunan da ya riga ya zauna a kan gadon nan. Wanki ɗaya ne, wa zai lura?

Ta danna sunan Mudi.

Inji ya tashi. Abin da ya biyo tiyo ba ja ba ne. Baƙi ne, kamar ruwan marina. Tiyon ya fara raɓa don sanyi. Matar tana kallon silin, ba ta ƙifta ido. Ko awa ɗaya ba a yi ba, amma liman na sallame salla injin ya yi ƙara: wai awa huɗu ta cika.

Barira ta zare allura. Ba ɗigo. Ba ta ma buƙaci auduga ba.

"Auna ni," in ji matar.

Wannan karon sikelin ya motsa. Kilo hamsin da takwas. Barira ta san lambar nan kamar sunanta. Nauyin Mudi ke nan ranar da wanki ya yi kyau.

Ta juya don ta yi magana. Ba kowa. Fanka ta ci gaba da juyawa. A bango, layi goma sha tara, kore shar daga sama har ƙasa.

Ta canza zanen gadon. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Ran Litinin Mudi ya zo da takalminsa a hannu.

"Yaya, kin ga ƙafata? Ta ƙi shiga. Ko na fara ƙiba ne, a nemo mini mata?"

Ta ɗora shi a sikeli. Hamsin da takwas. Aka yi wanki awa huɗu. Hamsin da takwas. Layinsa kore.

Ran Alhamis fuskarsa ta cika, idanu sun shige. Ta yi masa awa shida da kanta, ta canza masa gado, ta aro sikelin ɗakin haihuwa. Hamsin da takwas. Zoben azurfarsa ya nutse a yatsa, sai da aka yanke shi.

Ta kira Dakta Zubairu.

"Dakta, Mudi ne. Ruwa ba ya fita."

"Ina kallonsa yanzu haka. Ya fi kowa kyau."

"Ka zo ka gan shi da ido."

"Sista, ke ce kike ce mini allo ya fi ido. Ƙanenki ne, shi ya sa. Ki je ki huta."

"Dakta, allon ƙarya yake yi."

A hankali ya ce, "Kada ki sake faɗin haka. Saura wata guda a zo dubawa."

Ta nemi a karɓe shi a birni. Suka buɗe layinsa a nasu allon, suka ce gurbi na jajaye ne, mai kore ya jira. Ta shiga kwamfuta don ta mayar da shi ja da hannunta. Ta rubuta lambobin mutuwa. Kafin ta ɗauke yatsa sun koma na lafiya.

Juma'a uku ta zauna ita kaɗai a ɗakin, rana tsaka, tana jira. Ta yi kira. Ta yi roƙo. Ta ce a ɗauki nata sunan. Fanka ba ta tsaya ba. Sai dai duk lokacin da aka sallame salla, in ta taɓa injin gado na huɗu, sanyi ƙalau yake, tiyonsa a jiƙe.

Ran Litinin ta ƙarshe a kujera aka turo shi. Bai iya kwanciya ba, a zaune aka haɗa shi. Numfashinsa kamar ana jan ruwa a tsohon famfo. Ba ya iya juya wuya ya ga bango.

"Yaya."

"Na'am, Mudi."

"Me allon ya ce?"

Ta dubi bango. Ta dube shi.

"Kore ne."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Na ɗauka jikin ne ya ƙi."

Kafin la'asar ya cika.

Masu dubawa suka zo a kan lokaci. Suka tsaya gaban allon suna jinjina kai. Ba a kwashe injinan ba, biyu ma aka ƙara. Aka ba Barira takardar yabo a cikin gilashi, aka ɗauke ta hoto. Ta riƙe da hannu biyu.

Ta yi ƙoƙarin cire sunansa. Ya ƙi fita. Har yau yana layi na huɗu. Duk Juma'a bayan salla sabon awo yake shigowa, hawan jini daidai, wanki ya yi kyau. Sababbin ma'aikata sukan tambaye ta, wane ne wannan Mudin da ba ya fashi, kuma ba a taɓa ganinsa ba? Sai ta ce su ci gaba da aikinsu.

Tana nan. Ba ta yi hauka ba, ko wannan sauƙin ba a yi mata ba. Majinyata kuwa suna ta zuwa daga garuruwa, don an ce ɗakinta ne ba ya yin ja.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In jinya ta kai ku asibiti, kada ɗayanku ya bi doguwar baranda shi kaɗai ranar Juma'a da rana tsaka. In kuma baƙo ya ce ku ara masa sunan ɗan'uwanku, ko na minti ɗaya ne, ku dubi ƙafarsa tukuna.

Ku tashi. Ku tafi bibbiyu.