Jar Fitilar Motar Baba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani, sun leƙo daga ƙarƙashin tsohuwar motar Baba. Motar ta girmi duk 'ya'yan gidan, baƙa ce mai dogon hanci, kuma Baba ba ya yarda ko ƙuda ya sauka a kanta. Wata jar fitila ce ta fara kamawa a gaban sitiyari, batir ya riƙa mutuwa, shi ne aka kira wannan saurayin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota.

Ta ajiye masa ruwa. Da ya fito, fuska duk baƙin mai, ya ɗago ya dube ta, sai sifanar da ke hannunsa ta suɓuce ta faɗo masa a ƙafa.

"Sannu Injiniya," ta ce tana ɓoye dariya. Sunan ya bi shi ke nan.

Ita Baba ya sa ta riƙa taka totur yayin da yake awo da mitarsa. Ya nuna mata danamo mai ba da wuta, da batir mai ajiye ta, da wani ɗan akwati a tsakaninsu da ake kira kat'awut, mai hana wutar yin yawa. Ya ɗaure bel, ya canza kabon ɗin cikin danamo, ya kankare kan batir. Fitilar ta mutu, ba a jima ba ta dawo. Shi ma ya dawo, ya sake dawowa, har suka saba.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Autata, na auna komai a motar nan. Zuciyata ce kawai ta fi ƙarfin mita."

Ta amsa: "Gyara ta Baba tukuna, sannan a duba taka."

Akwai ɗan aminin Baba, mai shagon batir, wanda ya daɗe yana son Auta. Shi ya raɗa wa Baba cewa da gangan yaron yake barin matsalar, don ya sami dalilin shiga gida. Baba ya kira Injiniya, ya ce kada ƙafarsa ta sake taka ƙofar nan. Ita kanta Auta maganar ta tsaya mata a rai, har ta tambaye shi.

"Da gangan nake son ki," ya rubuto, "amma ba da gangan na kasa motar ba. Kat'awut nake zargi. Don Allah kada kowa ya taɓa shi."

Ta kife wayar cikin fushi.

Mai batir ya kawo sabon batir, ya buɗe akwatin kat'awut ɗin, ya ɗaure wani noti har ƙarshe. Fitilar ta mutu murus. Baba ya fara kiransa "ɗana", Umma kuma ta fara yi wa Auta kallon an sama mata miji.

Sai dai motar ta canza hali. Fitilun gaba suka yi wani haske mai kashe ido, ɗaya ta ƙone. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika garejin. Magen gidan, da ba ta da wurin kwana sai ƙarƙashin motar, ta daina zuwa kusa.

Da safen da Baba da Umma za su yi doguwar tafiya dubo Gwaggo, Baba ya je ya sha mai ya dawo. Auta ta ji wani sauti a cikin bonet, siii, kamar tukunya na shirin tafasa. Ta haɗiye fushinta ta rubuta wa Injiniya duk abin da ta gani.

Kiranta ya yi nan take. Ya ce wuta ta yi wa batirin yawa, dahuwa yake yi, ko ƙyas aka yi kusa da shi zai fashe. Ya ce ga shi nan tafe.

Ta tarar Baba ya buɗe bonet, sifana a hannu, wai zai ƙara ɗaure kan batir. Gefen batirin ya kumbura. Ta roƙe shi ya matsa.

"Saƙon yaron nan ne ko?" in ji Baba, ko juyowa bai yi ba. "Koma ciki."

Tana kuka tana jan rigarsa ta ji ƙarar babur. Injiniya ya shigo ba ko sallama, ya ture Baba gefe, ita ma ta faɗi. Sifanar ta suɓuce ta haɗa kan batir da ƙarfen mota.

Batirin ya fashe, ƙarar ta girgiza tagogin gidan.

Da Auta ta buɗe ido, hayaƙi ne ko'ina. Baba na zaune a ƙasa, ko ƙwarzane babu. Injiniya ne a durƙushe, ruwan batir yana cin hannunsa da wuyansa. Ta jawo tiyo ta yi ta kwarara masa ruwa tana kiran sunan Allah.

"Daina kuka, Autata," ya ce a hankali. "Idanuna biyu suna nan, ina ganin ki."

A asibiti Baba ya zauna bakin gadon Injiniya. Mai batir ya zo ya ba da haƙuri, ya rantse bai san notin zai jawo haka ba, ya tafi kansa a ƙasa. Da ɗakin ya rage su kaɗai, Baba ya ce, "Na kore ka, ka dawo ka tare mini wuta. In an sallame ka, ka turo manyanka."

Bayan ciwon ya warke aka ɗaura aure. Tabon ya zauna daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ango yana ta jan hannun riga don ya rufe shi. Da suka durƙusa yin bankwana, Baba ya naɗe hannun rigar da kansa, ya ɗora hannun Auta a kan tabon.

"Wannan nawa ne, shi ya karɓar mini," ya ce. "Ki riƙe shi da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga abin da ido bai gani ba."

Umma ta amsa da amin tana share hawaye, Auta kuwa ba ta saki hannun ba har suka fita.