Ranar da Aka Yi wa Milad Addu'ar Mamata

"Milad, dube ni! Saura wata biyu bikinmu, shi ne za ka ce min za ka shiga gidan 'yan zuhudu?"

A ƙofar ɗakin tiyata na tare shi, ko hular aiki bai cire ba. Awa shida ya yi yana gyaran zuciyar wani manomi, ni nake miƙa masa kayan aiki. Duk birninmu na Asyut babu likitan zuciya kamarsa, kuma nawa ne.

"Dimyana, sanyin idona... Mama ce. Ina ɗan shekara huɗu na kusa mutuwa, ta yi bakance idan na tashi za ta ba Allah ni. Yanzu tana kwance, kullum kuka take ba ta cika alkawarin ba."

"To ta ba shi ƙanenka mana! Me yake tsinanawa ban da shan shayi?"

Ya yi dariya, hawaye na zubo masa. Sai a lokacin na lura da abin da ya fi komai ƙona min rai.

"Kai ma kana so, ko?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba za su karɓe ni da alkawarinki a wuyana ba. Sai kin sake ni da bakinki."

Wato wuƙar a hannuna ya damƙa! Da na ce a'a, wallahi da ya aure ni, ya riƙe ni da mutunci. Kwana tara ina jan rai. Amma na san ba zan iya zama da mijin da hankalinsa ke can gidan 'yan zuhudu cikin hamada ba. Na zare zoben daga hannun damana, na kai wa mahaifiyarsa. Ta rungume ni tana "'yar albarka", ni kuwa haushinta kamar ya kashe ni.

Bayan shekara uku aka naɗa shi cikakken ɗan zuhudu. Aka kwantar da shi a ƙasa, aka lulluɓe shi, aka karanta masa addu'ar da ake yi wa mamaci, ya tashi da sabon suna. Ina bayan katanga ina jin ƙararrawa. Babu wanda ya yi min ta'aziyya.

Bana, shekara goma sha tara ke nan da rabuwarmu, aka turo shi garinmu a matsayin bishop, babban limamin cocinmu. Na shiga layin masu sumbatar hannunsa. Gemunsa ya yi fari fat.

Da na iso gabansa, bakina ya kufce min. "Milad..."

Ya gane ni, na gani a idonsa. Ya ɗora gicciye a kaina, ya ce:

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Matar da ke bayana ta zungure ni. "Baiwar Allah, matsa mana, mu ma jira muke."