Mai Gadin Gada da Sandar Gora

Ranar da aka tura Sukehiro gadin gadar kogin Shiraki, ranar ya fara ganin Orin, 'yar mai shayin bakin gada. Kowa ya zo takan miƙa masa kofi hannu da hannu, shi kuwa sai ta ajiye masa a kan dutse ta ja da baya.

Abin ya dame shi. Wata safiya ya ce, "Wai wari nake yi ne, 'yar shayi?"

Ta rufe baki da hannun riga tana dariya. "Ba kai ba ne, sarkin gada. Waɗancan takubba biyun da ke ƙugunka ne."

Mahaifinta, tsoho Gonbei, shi ya warware masa zancen. Uwar Orin 'yar ruwa ce, daga kogin ta fito, can ta koma. Duk ƙarfen da ya taɓa shan jini, in ya kusanci yarinyar, zazzaɓi ke kayar da ita.

"Ka nemi wata, ranka ya daɗe," in ji tsohon. "Samurai, jarumin fada irinka, ba ya rabuwa da takubbansa, ni kuma ba zan binne 'yata ba."

Sukehiro ya daɗe yana juya maganar. Takubban na kakansa ne. In ya ajiye su, ya ajiye darajar gidansu ke nan. Ga kuma rantsuwar da ya yi wa ubangidansa.

Daga ƙarshe ya je fada, ya durƙusa, ya shimfiɗa takubban a tabarma.

"Guduwa za ka yi?" in ji ubangidan.

"A'a, ranka ya daɗe. Gada na rantse zan tsare, kuma zan tsare ta. Da sandar gora."

"'Yan fashi za su yi maka dariya."

"Su yi, muddin ba su tsallake ba."

Ubangidan ya jawo takubban. "Daga yau ba ka cikin samurai. Gadar kuwa tana wuyanka."

Da ya dawo, Orin ta hango shi. "Sarkin gada, me ya sa kake tafiya a karkace?"

"Ƙugun bai saba ba, farin watana."

Ta matso a hankali, ta kama hannun rigarsa. Babu abin da ya same ta.

Aka ɗaura aure lokacin girbin shinkafa. Tsofaffin abokansa suka wuce ta gadar ba su ko rusuna masa ba. Gonbei ya haɗa hannayen ango da amarya.

"Ɗana, ka riƙe min ita. Ku tsufa tare, jikoki su cika gidan nan."