Zanen Ƙofar Kwaleji

Saura mako guda bikin 'yancin kai aka kira Sufeto Zailani sabuwar kwalejin horon malamai da ke bayan garin Rano. Tun ranar Juma'a wani ya farfashe zanen ƙofar babban zaure. Dagi da takubba da tsuntsaye duk sun zube ƙasa.

Shitu maigadi ya rantse yana masallaci a lokacin. Mai sayar da goro kuwa ya ce ya gan shi zaune bakin ƙofa. Zailani bai tsaya dogon tunani ba, ya sa aka kulle tsohon.

Sai bayan kwana biyu ya koma ya duba bangon da kyau. An bi zanen kaɗai an sare, jikin ginin ko tsagewa bai yi ba. Wannan hannun magini ne.

Ya hau keke sai Kibiya, gidan Malam Gwadabe, maginin da aka ba aikin.

"Yaushe rabonka da Rano, Malam?"

"Wata guda ke nan, ranka ya daɗe."

Daga ƙofar cikin gida wata tsohuwa ta ce, "Gwadabe, ka ji tsoron Allah. Ranar Juma'a da farar ƙasa a rigarka ka dawo. Ni na haife ka, ni na gani."

Gwadabe ya sunkuyar da kai.

"Me ya sa mutum zai rusa aikinsa?" in ji Zailani.

"Ba aikina ba ne. Na ƙanena Ƙasimu ne. Idona ya yi rauni, shi ya zana komai. Ya ce mini igiyar tsani ta ruɓe, na ce hau kawai, muna sauri. Ya faɗo, bai ƙara tashi ba. Yanzu kuma shugaban kwaleji zai kafa allo da sunana ranar biki. Ba zan iya tsayawa ana tafa mini ba."

"Shitu fa?"

"Ya gan ni ina sara ina kuka. Rufa mini asiri ya yi."

Zailani ya tasa shi gaba, ba ankwa. A Rano da kansa ya buɗe ɗakin tsarewa.

Ya ce wa Shitu, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Shitu bai dube shi ba. Sai ya kalli Gwadabe, ya ce, "Da ka bari, ai da na ƙarasa zaman a madadinka."