Kwalin Allurar da Bai Iso Ba

Da hantsi wata nas daga asibitin unguwa ta faɗo caji ofis, idanunta jajir.

"Sufeto, kwana uku muna jiran kwalin allurar masu ciwon sukari. Kamfanin aike ya ce wai an kawo. Wallahi ba mu gani ba! Ga wani dattijo can kwance a sume."

Sufeto ya suri hularsa, ya ce wa Kofur ya biyo shi.

A kamfanin, manaja ya juyo masa da kwamfuta. "Duba, yallaɓai. An kai ranar Litinin, ƙarfe goma daidai. Dogo ne ya ɗauka, mai babur ɗinmu. Ɓarawo ne, tuni na kore shi."

Sufeto ya iske Dogo a ƙofar gida, ya zabga tagumi.

"Litinin?" in ji Dogo. "Tun ƙarfe tara tayata ta fashe, ina wurin mai faci har rana ta raba. Ko kwalin ban gani ba. Shekara bakwai ina musu aiki, yau ana nuna 'ya'yana da baki."

Mai faci ya tabbatar da maganarsa.

Sufeto ya koma kamfanin ya nemi takardun karɓar kaya. Sa hannun gida talatin, rubutun hannu ɗaya, dukkansu da koren biro. Ya ɗaga kai ya kalli aljihun rigar manaja. Ga biron nan a soke.

"Buɗe mini sito."

"Ai... makullin ya ɓata."

"Kofur, ɓalle kwaɗon."

Ana buɗe ƙofar, zafi ya buso musu. Kwalaye jibge har rufi. A can ƙasa ga na asibitin, ƙanƙarar ciki ta narke, allurar ta lalace.

Manaja ya fara zufa. "Daga sama aka ce kowane kaya ya isa a kan lokaci, babura shida kacal gare ni. Sai in rubuta an kai, daga baya in aika. Kowa haka yake yi."

"Kowa?" Muryar Sufeto ta cika siton. "Don a yaba maka ka bar magani ya dahu a nan, mutum na can rai a hannun Allah, sannan ka shafa wa bawan Allah sata? Ba ka ji kunya ba?"

Ya sa Kofur ya buga wa babban asibiti waya a kai wata allurar nan take. Shi da kansa ya ɗaura wa manaja ankwa.

"Yallaɓai, a taimaka a bi da ni ta baya," in ji manaja ƙasa-ƙasa. "Ma'aikatana na waje."

"Ta gaba za ka fita."

Masu babura biyar suna tsaye a bakin get. Suka dare, aka wuce da shi ta tsakiyarsu.